Jinjina ga Malam Shiru, Gwanin Tarbiyya

A cikin duk malaman da suka taɓa koyar da 'ya'yanmu, babu wanda aka tauye wa haƙƙin yabo kamar Malam Shiru. Ba ya karɓar albashi, bai taɓa shiga yajin aiki ba, ba ya neman alli balle allo. Amma kusan duk gidan da ka leƙa, daga Sakkwato har Maiduguri, daga Zariya har Damagaram, shi za ka tarar yana riƙe da darasin da ya fi kowane darasi nauyi: balaga, da sha'awa, da cututtukan da ake ɗauka ta hanyar kwanciya. Uba ya sakar masa ragama, uwa ta sakar masa, kawu da gwaggo sun ce ai yana ƙoƙari. Mutum irin wannan ya cancanci a tsaya a yi masa jinjina.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne taƙaita manhaja. Turawa sai su ɓata shekaru suna zane-zane a allo, shi kuwa a zama ɗaya yake saukewa. Ranar da yarinya ta fara ganin jini, in ma Inna ta lura, don wata sai ta yi watanni tana ɓoye tsumma tana zaton ciwo ta ji, sai a kira ta ƙuryar ɗaki a ce: "To, kin girma. Ki kama kanki. Namiji ko hannunki ya riƙe, ciki ne." Shi ke nan, an yi sauka, sai walima. Darasin ɗa namiji ya ma fi wannan sauƙi, domin babu shi. Namiji ne, zai gane. Kuma dubi hikimar da ke cikin na yarinyar: wata rana wajen zance saurayi zai riƙe mata hannu, ta kwana tana kuka, wata ya zagayo ta ga babu ciki babu dalilinsa. Daga nan sai ta fahimci cewa duk abin da Inna ta faɗa tsoratarwa ce kawai, ta shiga binciken sauran da kanta. Wane malamin kimiyya ne ya taɓa cusa wa ɗalibi son gwaji haka?

Hukuma ma ta san darajar Malam. An so a yi masa kishiya a farkon shekarun 2000, lokacin da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta fito da darasin ilimin jima'i don makarantu. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka sauya masa suna zuwa darasin zaman iyali da sanin ƙanjamau a 2003, aka zare abubuwan da suka tayar da ƙura, aka bai wa jihohi damar gyara shi daidai da al'adarsu. Duk da haka masu kishin Malam ba su huta ba. A watan Nuwamban 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhaja, bisa hujjar cewa wannan aikin iyaye ne da malaman addini. Hujja ce mai kyau. Makaranta ta miƙa wa iyaye, iyaye suka ce ai akwai Islamiyya, malamin Islamiyya ya ce wannan maganar gida ce, kaya suka zagayo suka sauka a ƙofar mai su. Ko kafin umarnin ma, malaman kimiyya da yawa sun san ladabi: in an zo babin haihuwa sai a yi gyaran murya a ce, "Wannan ku karanta a gida," a tsallaka zuwa yadda wake ke tsira.

A yi adalci, tsoron iyaye ba a banza yake ba. Babu mai son a kwaso manhajar wata ƙasa da ɗabi'unta a juye wa 'ya'yansa. Maganin wannan a fili yake: malamanmu da likitocinmu su zauna su rubuta tamu, da harshenmu, bisa addininmu. To amma wannan aiki ne, akwai zama, akwai gardama, akwai faɗin kalmomi masu nauyi a gaban surukai. Malam Shiru ya hutar da mu duk wannan wahala. Hukumar UNESCO ta tattara binciken ƙasashe da dama, ta ce koya wa matasa wannan ilimi ba ya tunzura su, sau da yawa ma jinkirta farawa yake sa su yi. Mu dai a bar kaza cikin gashinta.

Babban malami ba ya rasa mataimaka, kuma nan ne za ka ga iya zaɓen Malam. Na farkonsu yana tasha da bakin kasuwa. Mota ce an ɗaura mata lasifika, an baje kwalabe da ƙulle-ƙulle, mai magani ya buɗe da sallama da salati, sannan ya shiga zayyano jikin namiji da na mace gaɓa-gaɓa, da abin da ke gudana a shimfiɗa daki-daki, da kalmomin da ko a gidan magajiya sai an sassauta murya. Ga 'yan talla da farantan gyaɗa a ka sun yi cirko-cirko, ga almajirai, ga 'yan makaranta da aka taso. Dattawa na wucewa suna murmushi, wani ma ya ratse ya sayi ƙulli biyu, wai na abokinsa ne. Wannan ba lalata tarbiyya ba ne, neman halali ne. Lalata tarbiyya shi ne ma'aikaciyar jinya ta shiga ajin 'yan mata, a rufe ƙofa, ta yi musu bayanin yadda ciwon sanyi ke toshe hanyar haihuwa. Ilimin mai lasifika kuma ga sauƙin hadda: duk cutar da ke ƙasan cibiya ko basir ce, ko dattin mara, ko sanyi, kuma kwalba ɗaya ke kashe su duka, har ta ƙara wa mutum ƙarfi kyauta.

Mataimaki na biyu shi ne mai kemis na lungu. Saurayi ya wayi gari fitsari na yi masa zafi, ga farin ruwa na fita. Asibiti? Allah ya kiyaye, mai yankan kati maƙwabcinsu ne. Sai ya jira bayan isha'i, ya raɓa kemis, ya ce wani abokinsa ne ke fama da kaza da kaza. Mai kemis mutum ne mai sutura, ba ya tambayar sunan abokin. Tambayarsa ɗaya ce: nawa ne a hannunka? Gwargwadon kuɗinka gwargwadon kafsonka, huɗu ko shida, ja da rawaya. Zafi ya lafa, yaro ya koma harkarsa, ƙwayar cuta kuma ta zauna ta yi nazarin maganin da aka ɗanɗana mata. Da irin wannan horo, a nan da sauran sassan duniya, ƙwayar ciwon sanyi ta gagari penisilin, ta gagari tetrasaikilin, ta gagari sifro, har Hukumar Lafiya ta Duniya ke kukan cewa allurar da ta rage ana dogaro da ita, ita ma an fara samun ƙwayoyin da ke yi mata taurin kai. Masu cewa makarantar Malam Shiru ba ta yaye kowa su zo su ga ɗalibai masu hazaƙa.

Na uku ba sai an fita nemansa ba, Baba da kansa ya saya, don karatu. Wayar hannu malama ce mai haƙuri: ba ta tsawa, ba ta cewa "wa ya koya miki wannan tambayar?", kuma ƙarfe biyun dare ma ajinta a buɗe yake. Akwai littattafan da ake tura wa juna a WhatsApp shafi-shafi, akwai masu tallar kayan mata a TikTok da ke koya wa 'yar sakandare abin da za ta cusa da abin da za ta sha, akwai finafinan da ba a faɗar sunansu. A duk cikinsu ba wanda ke ɓata wa yaro rai da zancen tunjere ko ciwon hanta. Iyaye kuma hankalinsu kwance, yarinya ba ta fita ko ƙofar gida.

Sai mu zo kan babbar nasarar Malam, wadda saboda ita kaɗai ya isa a naɗa masa rawani: zaman lafiyar gidajen aure. Ya samo wanda zai riƙa ɗaukar laifi ba tare da musu ba, wato masai. Duk matar da ta ga alamar cuta, a bayan gida ta ɗauka, na asibiti ko na gidan biki. Likitoci sun nace cewa ciwon sanyi na gaske da 'yar'uwarsa kilamidiya daga jikin mutum suke zuwa jikin mutum, ba a tsugunne ake kwasarsu ba. Amma likita ba shi zai zauna da mutanen gidan ba. Masai kuwa bai taɓa kai ƙara wajen mai unguwa ba.

Ga yadda abin ke tafiya cikin tsari. Maigida ya dawo daga tafiya da tsaraba iri biyu, ɗaya a jaka. Cututtukan nan sau da yawa ba sa nuna wata alama a jikin mace, su ma sun yi karatu wajen Malam. Suna haurawa a hankali daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, su kumbura shi, su bar tabo, hanya ta toshe, ko ciki ya zauna a bututun ya fashe da mace. In ta yi sa'a ta ga alama ta je asibiti, likita zai ce a zo da maigida a yi musu magani tare. Wace mace mai tarbiyya ce za ta dubi idon mijinta da wannan saƙo? Ta sha nata ita kaɗai, ta warke, ranar girkinta a sake ba ta sabo. Shekara uku, huɗu, babu ko ɓatan wata. Dangin miji su fara kiranta juya. A sha rubutu, a yi hayaƙi, a gano cewa namijin dare ne ya aure ta, ko kishiya ce ta binne mata layu. Daga ƙarshe a tausaya wa bawan Allah, a ba shi budurwa ya aura ko Allah zai sa a dace. Amarya ta shigo da lafiyarta, ta karɓi rabonta a makon farko, don gidan akwai adalci. An zargi masai, an zargi aljani, an zargi kishiya, mutuncin maigida ko ƙwarzane bai yi ba. Kawo mini wani tsarin sulhu da ya kai wannan.

Kuma tsarin yana da kyau ta ɗaya gefen. Akwai ƙaiƙayi da fitar ruwa da ke samun mace ba tare da kowa ya kusance ta ba, larura ce kawai da magani kaɗan ke kawarwa. Budurwar da wannan ya sama ba ta isa ta faɗa ba, don tambayar farko da za a yi mata ita ce, "Ina kika je?" Mai laifi an wanke shi, marar laifi ta kama bakinta, kowa ya huta. Tunjere ma haka: yana ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke ciki, a yi ɓari ko a haifi gawa, alhali gwajin jini wajen awo da allurar penisilin mai araha sun isa su tare shi. Mu kuwa muna da bayani mafi daɗin ji, wabi take yi.

Game da ƙanjamau, almajiran Malam suna da abin tinƙaho. Babban binciken da aka yi a 2018, wanda Shugaba Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasar baki ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 0.6. Ka ji ko? Shiru ya yi rana. Kada wani mai neman tada zaune tsaye ya ɗauko biro ya lissafa ko mutum nawa ne kashi 0.6 a yankin da ya fi kowane yanki yawan jama'a. Kada kuma ya tono cewa binciken ya nuna mata sun ninka maza wajen kamuwa, a tsakanin 'yan shekara 20 zuwa 24 ma ninkin ya haura uku, ko cewa Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan jariran da ake haifa da ƙwayar, alhali akwai maganin da mai ciki za ta sha ɗanta ya tsira. A wajenmu ba a mutuwa da wannan cuta. Taifot ne, ko sammu, ko dai gajeriyar rashin lafiya, ko da an shekara biyu a kwance.

Dubi abin da rashin irin tarbiyyarmu ya jawo wa wasu. A 1997 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya guda, ya tara 'yan jarida ya ce ƙanjamau ne ya kashe ƙaninsa Fela. A 2005 Nelson Mandela, da furfurarsa, ya fito ya faɗi haka game da ɗansa na cikinsa. Ina sutura? A Senegal kuwa, ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, ƙasar Shehu Ibrahim Inyass da muke tururuwar zuwa Kaulaha dominsa, manyan malamai suka zauna da likitoci a tsakiyar shekarun 1990, maganar cutar ta shiga har cikin huɗuba. A Uganda ƙungiyar likitoci Musulmi ta bi limamai masallaci-masallaci tana horar da su. An ce Senegal ta riƙe cutar a ƙasa-ƙasa tun daga lokacin. To, sai me? Sun tsira da lafiya, mu mun tsira da kunya.

Wani abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda magabata suka kasa kai wa matsayinmu. Buɗe Ahalari, buɗe Ishmawi, buɗe Risala: ga hukuncin janaba, ga haila da biƙi, ga bambancin maniyyi da maziyyi da wadiyyi, baƙi a kan fari, kuma yara ake biya wa a zaure. Ummu Sulaim ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi tambaya kan mafarkin da mace ke yi, aka ba ta amsa, ba a kore ta ba. Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Sayyidina Ali da nauyi ya hana shi tambaya da bakinsa, bai haƙura ya zauna cikin duhu ba, Miƙdadu ya aika ya tambayo masa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya caccaki malaman zamaninsa da ke tara ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Mu kuwa Allah ya hore mana wata irin kunya da ta zarce ta waɗannan bayin Allah gaba ɗaya. Ba ƙaramin matsayi ba ne.

Akwai masu cin moriyar Malam da ba sa iya fitowa su yi godiya, bari in yi a madadinsu. Yarinyar da aka koya wa cewa ambaton wasu sassan jikinta rashin kunya ne, ranar da wani babba a gidan, ko mai shagon unguwa, ya fara kai hannu inda bai kamata ba, da wane baki za ta faɗa? An riga an karɓe kalmomin. In abin ya kai ga fyaɗe, akwai maganin da ke hana ƙwayar ƙanjamau kama jiki, ana samunsa a asibitocin da ke ba da maganin cutar, amma sai an fara sha cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Mu ma muna da tsarinmu na awa 72. Ranar farko kuka da salati. Rana ta biyu a kira manya. Rana ta uku a yanke shawara cewa abin na gida ne, a rufa asiri, kada a ɓata wa yarinya suna ta rasa mijin aure. Lissafin ya yi daidai, ko awa ɗaya ba ta yi saura ba.

Malam yana da ƙanwa, Jita-jita, duk inda ya share wuri ita ke shimfiɗa tabarma. A watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, cutar da aka ƙiyasta ta kama mata kusan 12,000 ta kashe kusan 8,000 a ƙasar a 2020 kaɗai. Ƙwayar ta hanyar kwanciya ake ɗaukarta, har a cikin aure na sunna, shi ya sa ake yin allurar tun kafin a kai ga nan. Amma wa zai tsaya ya yi wannan bayani? Sai saƙon murya ya zaga cewa allurar hana haihuwa ce. Mutanen da suka ga abin da gwajin maganin Trovan ya yi wa yara a Kano a 1996 ba za a ce zarginsu ba shi da tushe ba. Abin da suke bukata a zauna a yi musu magana dalla-dalla. Magana kuwa ba fannin Malam ba ce.

Ba zan ɓoye ba, 'yan shekarun nan an taso Malam a gaba. Tun auren zawarawa da Hisbah ta fara shiryawa a Kano a 2012 ake gwada jinin ango da amarya, sannan a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwaji kafin aure: ƙanjamau, ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai ga shi darasin da aka hana yaro yana ɗan shekara goma sha biyar, ma'aikacin ɗakin gwaji na karanta masa a takarda yana ɗan talatin, saura mako biyu ɗaurin aure, an kai lefe, an buga kati. Ma'aikacin zai gaya masa cewa ba ƙarshen duniya ba ne: magani kyauta ne, wanda ya riƙe shi da kyau har ƙwayar ta kwanta ba ya shafa wa matarsa, kuma zai haifi 'ya'ya lafiyayyu. Sharaɗin kawai a yi magana, a gaya wa yarinya da waliyyinta gaskiya, su zaɓa da idonsu a buɗe.

Nan ne Malam ke nuna cewa tsohon hannu ne. Gidan amarya su ce Allah bai yi ba. Gidan ango su ce dama an duba an ga taurarinsu ba su haɗu ba. A mayar da akwatuna da daddare. Bayan wata shida sai ka ji an ɗaura masa aure a wani ƙauye na maƙwabciyar jiha, da yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, inda waliyyi bai nemi takarda ba, don neman takarda rashin yarda da mutum ne, yaron kuma ɗan gidan mutunci ne, an san kakansa.